Motar da Na Sa Aka Kai wa Yaya

Yayana bakanike ne, amma ba kowane gyara yake yi ba. Kafireto kaɗai ya sani, wato ƙarfen nan da ke saman injin tsofaffin motoci, mai gauraya mai da iska kafin inji ya sha. Ya haura shekara talatin yana wannan aiki a wani gareji da ke bayan Ƙofar Kabuga. Da aikin kafireto ya riƙe gidanmu na Soron Ɗinki bayan rasuwar Baba, da shi ya sa ni a makaranta har na zama malamar firamare, da shi ya yi mini kayan ɗaki. Ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu tana da yawa, don haka ban taɓa yi masa kallon wa ba. Kallon uba nake yi masa.

Ina ƙarama, idan aiki ya yi masa yawa, yakan taho da kafireto ɗaya ko biyu gida. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance shi gaba ɗaya a cikin tsohon tire, ya jera 'yan ƙananan ƙarafa kamar mai tsintar wake. Ya ɗauki ɗaya ya kara a baki ya busa, ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa ramin. Ba a yarda mu je kusa ba. Direbobi kuwa har gida suke biyo shi, kuma kusan buƙatarsu ɗaya ce. Sai ka ji suna cewa, "Malam, a rage mata ci." Shi kuwa sai ya sa a tayar da mota, ya sunkuya ya saurara, ya juya wani ɗan noti kaɗan, ya sake saurarawa. Motar da ta zo tana tari tana baƙin hayaƙi sai ta koma tana tafiya lafiya lau. A lokacin, duk mai son motarsa ta rage shan mai wajen Yaya yake zuwa.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Na riga na yi aure a Dala, har na haihu biyu, lokacin da na fara jin yana ambaton wasu motoci da ake shigowa da su daga Kwatano waɗanda ba su da kafireto sam. Da dariya yake ba da labarin. Ya ce ya buɗe bonet ya tarar da roba da wayoyi kamar cikin rediyo. Wani dillalin motoci ne ya yi masa bayani, ya ce can ƙasashen da ake ƙera su an kafa doka, dole kowace sabuwar mota ta rage shan mai ta rage hayaƙi, kamfanin da ya ƙi a ci shi tara. Kafireto ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, shi ya sa suka daina saka shi. Yanzu wani ɗan akwati ne da ake kira ƙwaƙwalwar mota yake auna man, yana fesa wa inji daidai abin da yake buƙata.

"To su yi ta dokarsu," in ji Yaya. "Nan Kano ce. Tsofaffin motocin da ke garin nan sun ishe ni har in mutu."

Ba su ishe shi ba. Tsofaffin suka yi ta mutuwa, masu zuwa a madadinsu duk masu ƙwaƙwalwa ne. A garejin nasu wani mutum da ya yi karatun boko ya kama rumfa, ya zo da na'ura mai allo, yana soka mata waya a ƙarƙashin sitiyari tana faɗa masa ciwon mota da Turanci. Mai kwamfuta ake ce masa. Layin da ke gaban rumfar Yaya a da ya koma gaban tasa. Yaya karatun allo ya yi, ya iya karatun Alƙur'ani da rubutun ajami, amma ko sunansa da boko da ƙyar yake rubutawa. Ya koma gyaran kafireton babura, aka hana acaɓa a gari. Ya koma na janareto, yana ɗan samu. Sai aka cire tallafin mai. Mutane suka kashe janareto, masu hali suka sa sola, marasa hali suka zauna a duhu. 'Yan tsofaffin motocin da suka rage masa kuwa masu su suka jingine su, saboda babu mai iya ciyar da su.

Duk wannan ina ji sama-sama, don Yaya ba mai kai kuka ba ne. Kullum da safe yana saka rigarsa ta aiki ya fita, da yamma ya dawo. Sai wata ranar Asabar da na je gida gaishe su na san inda abin ya kai. Na tarar da matarsa tana suyar awara a soro, abin da ba ta taɓa yi ba. Yaya ya dawo da la'asar, muka gaisa, ya miƙo hannu zai karɓi 'yar da ke bayana, sai na ga hannunsa. Fes yake. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin faratansa babu baƙin mai ba.

Da ya shiga ɗaki matarsa ta ja ni gefe.

"Auta, ba zan ɓoye miki ba. Wata biyu ke nan bai taɓa ƙarfe ba. Zuwa yake ya zauna a gindin darbejiya ya dawo. Idan na zuba masa abinci sai ya ce ya ci a gareji, a ba yara. Na aika an tambaya, ba ya cin komai a can."

"Anti, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ya ce duk ranar da na gaya miki, ba ni ba shi."

Na koma gida a ƙafa ran nan, daga Soron Ɗinki har Dala, da goyo a baya. Ban ma lura na wuce wurin hawa adaidaita ba.

Maigidana direba ne. Yana da 'yar motarsa ta haya, ƙaramar bas, yana ɗaukar fasinja daga Kabuga zuwa Gwarzo ya dawo. Ita ce abincinmu, don abin da nake samu a makaranta ko cefanen mako biyu ba ya yi. Motar irin ta zamani ce, mai ƙwaƙwalwa, kuma saboda ba ta shan mai sosai ne ma ya iya ci gaba da fita lokacin da abokansa da yawa suka ajiye nasu. Kamar mako uku bayan zuwana gida, motar ta fara fizga a hanya, wata fitila ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Ya kai ta wajen mai kwamfuta. Aka duba aka ce wani ɗan ƙarfe ne mai auna iska ya mutu, babu irinsa a Kano, sai an aiko daga Legas, zai iya ɗaukar mako biyu ko uku.

Yana ba ni labari bayan ya ci abincin rana, ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi wani wuri.

"Malam, me zai hana ka kai wa Yaya?"

Ya ɗago ya dube ni. "Malama, Yaya bai san irin wannan ba."

"Inji ai inji ne. Shekara nawa yana gyaran mota?"

"Ba raina shi na yi ba. Ni kaina motar da na fara ja shi yake gyara mini ita. Amma wannan daban ce. Gara in haƙura in jira."

Ban bar maganar ba. Kwana uku ina binsa da ita. Na ce masa zaman mako uku babu fita ba za mu iya ba, wannan kuwa gaskiya ce. Na ce masa kunya ce a ce motar gidanmu tana gaban rumfar bare alhali Yaya yana zaune yana kallo daga gindin bishiya. Da na ga bai motsa ba, na gaya masa abin da Anti ta gaya mini, na yi kuka, na tuna masa wanda ya ba shi aurena bai tambaye shi ko sisi ba. Wannan ce maganar da bai kamata in yi ba, kuma na san haka tun ina yin ta. A ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. Gobe zan tura masa ita."

Washegari da yamma Yaya ya zo gidanmu da kansa. Ya zauna a soro da maigidana, ni ina daga bakin ƙofa bayan na kawo ruwa. Muryarsa ta dawo irin ta da.

"Na duba ta sosai," in ji shi. "Injin nan lafiyayye ne. Duk wayoyin nan ne suke wahalar da kai. Yau wannan ya mutu, gobe wancan, kullum kana jiran Legas. Ka bari in cire su gaba ɗaya in ɗora mata kafireto. Ina da wani sabo fil da na ajiye tun da daɗewa, ban taɓa samun motar da ta cancance shi ba. Idan na ɗora, kai da mai kwamfuta sai dai gaisuwa."

"Yaya, shan man fa?"

"Wa yake rage wa mota shan mai a garin nan?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ba zai iya yi wa Yaya musu ba, ba a gaban idona ba. Ya ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Kwana huɗu Yaya ya yi a kan motar. Anti ta gaya mini daga baya cewa a kwanakin nan yana cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari. Ya kai wani ƙarfe wajen masu walda aka yanka aka daidaita, ya nemo wasu kayan a wajen tsofaffin abokan sana'arsa. A rana ta huɗu na tashi daga makaranta na wuce garejin. Na tarar da shi rabin jikinsa a cikin inji, rigarsa ta yi baƙi, mutane uku ko huɗu sun tsaya kallo. Ya ce maigidana ya murza makulli. Ta kama a bugu na biyu. Ya sunkuya ya saurara, ya juya noti, ƙarar ta kwanta. Ya ɗago yana share hannu da tsumma, ya dube ni ya ce, "Auta, kin ji ta?"

Na ji ta. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Mai kwamfuta yana tsaye a bakin rumfarsa yana kallonmu, bai ce komai ba, ni kuwa na ɗauka hassada ce.

Kwana biyu na farko maigidana bai ce mini komai ba. A na uku ya dawo tun kafin la'asar, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya ce man da a da yake kai shi Gwarzo ya dawo da shi har ya rage, yanzu a hanyar dawowa yake ƙarewa. Jiya sai da ya sauke fasinja a bakin titi ya hau babur da galan ya nemo mai. Yau ya lura, duk abin da fasinja suka biya a gidan mai ya bar shi.

"Ka koma wajen Yaya," na ce. "Saiti ne kawai. Zai rage mata."

Ya koma. Yaya ya rage mata. Da aka rage sai ta rasa ƙarfi, idan ta cika da mutane da kaya ba ta iya hawa ko ɗan tudu, sai ta yi ta shaƙewa tana mutuwa. Aka ƙara mata, ta koma shan ta. Sau biyar ana wannan kai da kawowa. Yaya ya canza ƙananan ƙarafan ciki, ya sauke kafireton ya wanke ya mayar, ya ɗora wani daban. Har bin motar ya yi zuwa Gwarzo yana zaune a gaba, kunnensa a kan inji. Suka je suka dawo, babu abin da ya canza.

A tasha labari ya bazu. Fasinja suka gane motar, idan layi ya zo kanta sai su ce za su jira ta baya. Ranar da motar ta mutu a hanya ɗauke da wata mai ciki, ana sauri za a kai ta asibiti, shugabannin tasha suka kira maigidana suka ce ya ajiye ta sai ya gyara.

Sai a lokacin ya koma wajen mai kwamfuta, ya ce a mayar da ita yadda take. Na bi shi, don na kasa zama a gida. Mutumin ya buɗe bonet ya daɗe yana dubawa. Ba shi da wulaƙanci, a hankali ya yi magana, yana ma rage murya don kada ta kai gindin darbejiya inda Yaya yake zaune.

"Alhaji, da cire su aka yi, da da sauƙi. Yanke su aka yi. Dubi nan, dubi nan. Wayoyin nan a dunƙule suke zuwa, daga inji har cikin mota, sai dai a sayi dukkansu. An fasa mazaunin bututun man, an yi walda a kai. Ƙwaƙwalwar tana ina?"

Yaya ya ajiye ta, ya naɗe ta a tsumma ya sa a akwatin kayansa. Aka ɗauko aka gwada, ba ta amsa ba. Mai kwamfuta ya ce wataƙila lokacin da ake yankan wayoyin batir yana haɗe. Da ya lissafa abin da za a nema, maigidana bai ma tsaya jin ƙarshe ba. Abin da aka ce a jira mako uku a saya, ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba. Yanzu kuwa ko an sayar da duk abin da ke ɗakina ba zai tayar da motar ba.

"Me ya sa ba ka yi magana ba tun ran nan?" na tambayi mai kwamfuta. "Kana tsaye kana kallo."

"Hajiya, Baba ne fa. Ya girme ni, a gabansa na zo garejin nan. In je in ce masa bai iya ba? Kuma motar surukinsa ce."

Aka tura motar zuwa wani fili a gindin dutsen Dala, don lungunmu mota ba ta shiga. Nan ta zauna. Ina wucewa ta gabanta kullum idan zan tafi makaranta, tayoyinta suna sacewa ɗaya bayan ɗaya, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Gida biyu ke nan babu mai fita nema. Muka koma cin abinci sau biyu, sannan muka koma tuwo da dare, ɗumame da safe. Na cire babbar 'yata daga makarantar kuɗin da take, na mayar da ita tamu ta gwamnati. Na sayar da zobena da 'yan kunnena, na sayar da keken ɗinki. Akwai ranar da na dafa ruwan zafi kawai na zuba ɗan sukari na ba yara, na ce musu shayi ne, su sha su tafi.

Maigidana bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Yakan fita da safe ya zaga tasha ko wani zai ba shi mota ya yi masa lodi ɗaya, yawanci ya dawo haka nan. Ya zauna ya jingina da bango. Wata rana na ce masa, "Malam, ka yi mini magana mana, ko zagi ne." Ya ce, "Me zan ce, Malama? Na gaya miki bai san irinta ba." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Na daina zuwa Soron Ɗinki. Ba fushi nake da Yaya ba, ban san da wane ido zan dube shi ba ne. Ni na kai masa abin da ya ƙarasa shi. Kafin motarmu, mutane suna cewa zamani ne ya wuce shi, suna tausaya masa. Bayan motarmu, cewa ake yi ya kashe motar surukinsa. Ko masu janareton da suke ɗan leƙo shi suka ɗauke ƙafa.

Wata ranar Talata da hantsi, ban je makaranta ba saboda zazzaɓi, sai na ji sallamarsa a soro. Ya zo da buhu biyu a kan baro, ya sa an sauke. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi hawa, ya tsuguna a ƙasa.

"Malam, na zo ne in ba ka haƙuri," in ji shi. "Na cuce ka. Ka ba ni amanar abincinka na lalata. Na san ban san motar ba. Tun da na buɗe ta na sani. Amma na ga aiki a gabana, na kasa cewa ban iya ba."

"Yaya, don Allah ka tashi. Ka hau tabarma."

"Bari in gama. Waɗannan kafiretocina ne, duk abin da na tara. Akwai masu kyau a ciki. Ka sa a sayar, ko waya ɗaya ce a saya."

"Ba zan karɓa ba, Yaya. Ƙaddara ce. Ka mayar da kayanka."

Ina bayan ƙofa ina jin su, na toshe bakina da mayafi. Ban taɓa jin Yaya yana ba wani haƙuri ba, balle wanda ya girma da shekaru masu yawa, balle a tsugune. Na so in fita in ce ni ce, ni na matsa, ku biyun duk ni na tura ku. Amma ban fito ba.

Bai mayar da kayan gida ba. Ya zaga da su kasuwar kayan mota, babu wanda ya taya. A ƙarshe masu narka ƙarfe suna zuba tukwane da ludaya ne suka saya, a kan sikeli, har da sabon nan da ya cire daga motarmu. Ya aiko Anti da abin da aka ba shi a ƙulle a leda. Maigidana ya ce in mayar. Na mayar, Yaya ya sake aikowa. Da kuɗin ya dawo karo na biyu na sayi masara da shi na raba biyu, na aika musu rabi, ban gaya wa kowa ba.

Na yi wani yunƙurin bayan wannan. Na ji a rediyo ana cewa za a koya wa makanikai yadda ake mayar da mota ta koma amfani da iskar gas, tunda mai ya gagara. Na je na samu Yaya, karo na farko tun bayan abin, na ce ya shirya mu je. Bai yi musu ba, wannan ma ya ba ni tsoro. Muka hau adaidaita zuwa can wajen gari, muka bi layi tun safe har azahar. Da muka isa gaban tebur, ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci. Ya tambayi shekarun Yaya, ya tambayi takardar makaranta. Na ce ba shi da ita, amma ya fi shekara talatin yana aikin mai da iska a inji, babu abin da za a koya a nan da zai gagare shi, ni zan riƙa zuwa ina karanta masa. Ya ce ya yarda da ni, amma matasa aka ce, kuma jarrabawar a rubuce take. Na ci gaba da roƙo, mutanen baya suna cewa a yi sauri. Yaya ya taɓa gefen mayafina.

"Auta, taho mu tafi. Kin tare wa mutane layi."

A hanyar dawowa ya ce a sauke mu a Kabuga, zai tsaya a gareji. Na ce me zai yi a can. Ya ce babu komai, ya dai saba.

Motar mun sayar da ita a yadda take, bayan damina ta wuce a kanta. Wanda ya saya injin kawai yake so da ƙofofi. Maigidana yanzu adaidaitar wani yake ja, yana fita tun asuba, yana dawowa da ciwon baya. Muna ci, ba kullum muke ƙoshi ba. Yana gaida Yaya a wurin suna da jana'iza, yana durƙusawa kamar da. Amma idan adaidaitar ta sami matsala ba ya gaya mini. Sai dai in ga ya dawo da wuri, in tambaya, ya ce babu komai.

Yaya kuwa mai kwamfuta ne ya ɗauke shi. Shi ya je har gida ya same shi, ya ce yana buƙatar mai kwance noti da ɗaurewa, wanda hannunsa ya san ƙarfe. Anti ta ce Yaya ya kwana biyu bai ba da amsa ba, a na uku ya saka rigar aiki ya fita. Na'ura ta faɗi abin da ya lalace, mai kwamfuta ya nuna da yatsa, Yaya ya kwance ya ɗaura sabo. Ba a tambayarsa me ya ji a inji, shi ma ba ya faɗa. Abin da ake ba shi da yamma yana sayen garin tuwo, wani lokaci har da mai.

Watan jiya na bi ta garejin da rana, da 'yar kular abinci. Na hango shi a kwance a ƙarƙashin wata farar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsaya har ya fito. Da ƙyar ya miƙe, yana dafa taya. Na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in yi maka tun tuni. Motar nan, ba Malam ne ya so kawo maka ba. Ni ce na matsa masa."

Ya karɓi kular ya ajiye a kan benci.

"Na sani, Auta. Tun ranar da ya turo ta na gani a fuskarsa."

Na tsaya ina jira ko zai ƙara wani abu. Daga cikin rumfa mai kwamfuta ya kira shi, ya ce Baba a zo a cire wannan. Yaya ya amsa, ya ɗauki sifana, ya ce in gaida yara, in kama hanya kafin rana ta ƙara zafi.